Zobe Ɗaya da Rabin Sakan: Nazarin Gudu a Wasannin Sonic na Tsalle da na Tsere

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda aka gina gudu a wasan Sonic the Hedgehog na 1991, sannan ta bi sawun abin da ya faru da gudun nan da aka kai tauraron wasan fagen tsere. Matsayarta ita ce tsarin zobba ne ginshiƙin wasan, domin shi ya sa ɗan wasa ke iya sakin jiki ya yi gudu a allon da ba ya nuna masa abin da ke gabansa sai na ƙasa da rabin sakan.

Gabatarwa da Waiwaye

Kamfanin Sega na Japan ya fitar da wasan a Amurka ranar 23 ga Yuni, 1991, a kan na'urar Mega Drive, wadda Amurkawa suka sani da Genesis. Yuji Naka ne ya rubuta manhajar, Naoto Ohshima ya zana shuɗiyar bushiyar, Hirokazu Yasuhara kuma ya tsara filayen. Tun daga lokacin ake ta rubutu a kansa, sai dai mafi yawan rubutun labarin kasuwa ne. Littafin Blake Harris, Console Wars (2014), ya bi labarin ne ta ɓangaren Tom Kalinske, shugaban Sega na Amurka, wanda ya karya farashin na'urar daga dala 189 zuwa 149, ya kuma sa ake haɗa ta da kaset ɗin Sonic maimakon Altered Beast. Wannan duk gaskiya ne, kuma ya bayyana dalilin da ya sa mutane suka saya. Bai bayyana dalilin da ya sa suka ci gaba da bugawa bayan talla ta lafa ba.

Wanda na fi jayayya da shi ra'ayi ne da ya yaɗu tsakanin masu sharhin wasannin bidiyo, cewa Sonic ba ya buƙatar komai sai ka danne maɓallin dama ka zuba ido. Masu wannan magana suna kafa hujja da Green Hill, filin farko mai bishiyoyin kwakwa da hanyoyi masu zagaye. Daga nan sukan rabu biyu. Wasu su ce wasan tsere ne aka sa wa rigar wasan tsalle, wasu su ce tsarin ya ci karo da kansa, tunda yana zuga ka da gudu sannan ya dasa maka ƙaya a hanya. Ɓangare na biyu sun fi kusa da gaskiya, domin sun ga matsalar. Kuskurensu shi ne zaton masu wasan ba su gan ta ba. Roger Caillois, a littafinsa na 1958 kan rabe-raben wasa, ya bambanta daɗin gasa da daɗin juwa irin wanda yaro ke samu a kan lilo. Zan ari wannan bambanci a gaba.

Dabarun Bincike

An buga wasannin Mega Drive na 1991 zuwa 1994 da wasannin tsere da suka biyo baya, ana lura da inda aka ajiye haɗari da inda aka ajiye zobba. Alƙaluman motsi kuwa an ɗauko su ne daga waɗanda masu kwance manhajar wasan suka daɗe da fitarwa, aka yi lissafi a kansu bisa zubin Amurka da Japan, mai sabunta hoto sau 60 a sakan, wato firam 60.

Sakamako

Faɗin allon ɗigo 320 ne, tsayinsa 224. Kyamara tana riƙe Sonic kusan tsakiya, saboda haka abin da ke gabansa bai wuce ɗigo 160 ba. Iyakar gudunsa da ƙafa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ɗigo 6 ne a kowane firam. A raba 160 da 6, za a samu firam 27, wato kusan sakan 0.44. Idan ya dunƙule ya mirgino daga gangara, gudun yana iya kai ɗigo 16, sai tazarar ta koma firam 10, kashi ɗaya cikin shida na sakan. Ɗan Adam kuwa yana bukatar kimanin rubu'in sakan kafin yatsansa ya amsa abin da idonsa ya gani. Ma'ana, a ƙololuwar gudu abin da ya shigo allo zai riga yatsa. Ba ƙwarewar da za ta ceci wanda bai taɓa bin hanyar ba.

Sannan gudun nan ba a samunsa a ɓagas. Kowane firam yana ƙara ɗigo 0.046875 ne kawai, don haka daga tsaye zuwa iyakar gudu sai an yi firam 128, fiye da sakan biyu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin tudu a Green Hill ya san yadda abin yake. Kana danna dama, bushiyar tana jan ƙafa kamar mai tura kura a yashi, ta kai rabin hawa ta zamo baya, dole ka koma ka ɗebo gudu. Sauri kan haifi nawa, in ji Hausawa, kuma a wasan nan karo ɗaya yana mai da kai sifili.

A nan zobe ke shigowa. A Super Mario Bros. na 1985, ƙaramin Mario taɓawa ɗaya ce ke kashe shi, babba kuma sai ya rage tsawo ya shiga neman wani naman kaza, wanda ba lalle ya samu nan kusa ba. Sonic kuwa muddin yana riƙe da zobe ko da ɗaya ne, ƙaya ko maƙiyi ba za su kashe shi ba. Zobban za su tarwatse, har 32 ake gani suna tsalle a allo komai yawan abin da ya tara, su yi kimanin sakan huɗu kafin su ɓace, shi kuma yana da sakan biyu da ba maƙiyin da ke cutar da shi. A cikin wannan ɗan taƙi yana iya cafko guda ɗaya, ya koma yadda yake ta fuskar tsaro. Abin da ya rasa gudu ne da dukiya: zobba 50 da ake bukata don shiga filin musamman, da 100 masu ba da ƙarin rai. Hukuncin yana da zafi, amma ba ya katse tafiya. Wannan ne ya sa ɗan wasa ke iya kutsawa inda bai gani, ya yi karo, ya haddace wurin, ya dawo gobe ya wuce da gudu. Naka da kansa ya sha ba da labarin yadda yake maimaita filin farko na Mario yana ƙoƙarin gama shi da sauri, kuma wasan da ya gina na mai maimaitawa ne.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce rabon haɗarin da zobe ba ya maganinsa. Nutsewa a ruwa da matsewa tsakanin bango suna kashewa nan take. Ina aka tara su? A Marble, inda ake tura dutse ana jiran ya ratsa narkakken dutse, da Labyrinth, inda ruwa ke raba gudu biyu kuma numfashi ke ƙarewa a sakan 30 idan ba a haɗiyi kumfa ba, da Scrap Brain. Duk wurare ne da aka riga aka rage maka gudu, ido yana da lokacin gani. Ramukan filin Star Light marasa gindi sun saɓa wa wannan ƙa'ida, kuma a ganina aibi ne a tsarin. Wasannin da suka biyo baya ma sun nuna masu su sun san matsalar gani: Sonic CD (1993) yana tura kyamara gaba idan gudu ya yi ƙarfi, Sonic Mania (2017) kuma ya faɗaɗa allo zuwa ɗigo 424.

Zancen tsere ba ya bukatar dogon bayani bayan wannan. Gasa tana son a daidaita 'yan takara, alhali sunan Sonic ya ginu ne a kan ba wanda ya kai shi gudu. Sonic Drift (1994) na Game Gear, wanda ya zo shekara biyu bayan Super Mario Kart, ya warware wannan ta hanyar sa shi a mota, kuma wasannin kamfanin Sumo Digital na 2010 da 2012 da 2019 suka bi sahu. Sonic R (1997) na Saturn ya bar shi a ƙafa, da filaye biyar kacal. Abin lura shi ne aikin zobe ya canza. A Sonic R kuɗi ne na buɗe ƙofar yanke, a Team Sonic Racing, na 2019 ɗin, ƙarin gudu ne kamar sulallan Mario Kart. Hanya tana shimfiɗe har nesa a gaban direba, ba makantar da za a yafe masa. Daɗin juwa da Caillois ya ambata ya ja baya, gasa ta karɓi wurin. Tseren da ya fi riƙe ruhin asali, a ganina, shi ne na Sonic da kwafinsa na ƙarfe, Metal Sonic, a filin Stardust Speedway cikin Sonic CD, domin a filin tsalle aka yi shi, da ƙaya da zobe da gajeren gani.

Iyakokin Bincike

Dole a amince cewa lissafin nan na zubin 60 ne. Zubin Turai mai 50 ya fi shi nawa da kusan kashi 17 cikin ɗari, don haka tazarar gani ta ɗan fi tsawo a can. Ba a auna saurin amsawar 'yan wasa kai tsaye ba, kuma wasanni masu zurfi uku, daga Sonic Adventure (1998) zuwa gaba, an taɓo su ne sama-sama. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke rushe matsayar, domin ko a zubin Turai firam 10 kashi ɗaya cikin biyar na sakan ne, bai kai rubu'i ba.

Ina kira ga masu nazarin da za su ɗora a kan wannan aiki da su fara da tsarin ƙara gudu da maɓalli da Sonic Rush ya shigo da shi a 2005, su auna tazarar gani a can kamar yadda aka auna a nan, su faɗa mana ko zobe yana da sauran aiki.