Tarihin awon tarin fuka ga yara

Yau hirarmu ta shafi tarin fuka, da yadda likitoci suka daɗe suna neman dabarar gane shi a jikin yaro.

Babba in ya yi tari yana tofar da kaki, a duba. Ƙaramin yaro kuwa haɗiye nasa yake yi. Nan wuyar take.

A shekara ta 1882 wani likitan Jamus, Robert Koch, ya gano ƙwayar cutar. A 1890 ya tato wani ruwa daga ƙwayar, ya ce magani ne. Bai yi magani ba, amma ya yi wata rana. A 1907 wani likitan yara na ƙasar Ostiriya, Pirquet, ya riƙa yi wa yara ƴar tsaga yana ɗiga ruwan. Wanda ƙwayar ta taɓa shiga jikinsa, sai wurin ya kumbura. A 1908 Mantoux, Bafaranshe, ya mai da abin allura cikin fata. Har yau haka ake yi: a yi allura a hannu, bayan kwana 2 ko 3 a auna kumburin.

To, awon nan yana da ruɗi. Rigakafin BCG da ake yi wa jariranmu, wanda aka fara a Faransa a 1921, shi ma yana iya sa kumburi ga lafiyayyen yaro. Wannan da sauƙi. Mai muni shi ne na yaron da tamowa ta kama, ko wanda ya tashi daga ƙyanda. Jikinsa ba ya da ƙarfin amsawa. Cuta na cinsa, hannu kuwa sumul, sai iyaye su koma gida da murna. Mutanen Kelle da sauran garuruwan Kutus sun san tamowa, ba su manta da 1984 da 2005 ba.

A 2001 aka fara awon jini a Amurka. Wanda aka gyara daga baya, BCG ba ya ruɗa shi. Sai dai yana da tsada, kuma ga ƙananan yara wani lokaci ba ya ba da amsa. Da na jini da na fata, duk abu guda suke faɗi: ƙwayar ta shiga. Ko tana barci, ko ta tashi, ba su sani ba.

Shi ya sa likita, a Kelle ko a Gure, yake yawan tambaya. Wa ke tari a gidan? Tarin yaron ya wuce mako 2? Yana rama? Ku faɗi gaskiya, ko da mai tarin kakarsa ce.

A ƙa'idojinta na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya neman ƙwayar da na'ura cikin kashin yaro, tun da can kakin da ya haɗiye yake zuwa.