Soyayya da abokan tafiya a wasannin bidiyo: yadda take aiki, da misalin Aurion na Kamaru

A cikin wasannin bidiyo akwai wani rukuni da masu jin Faransanci ke kira jeu de rôle, inda mai wasa ke shiga rigar jarumin labari, ya yi tafiya a wata duniyar almara mai dodanni da tsafi da sarakuna. Galibi jarumin ba ya tafiya shi kaɗai. Yakan samu abokan tafiya da kwamfuta ke sarrafawa, kowa da halinsa da tarihinsa, kuma a wasanni da dama ana iya neman soyayyar ɗaya daga cikinsu har a kai ga aure. Waɗannan wasannin labari suna shiga gidaje ta kwamfuta da PlayStation, bidiyoyinsu kuma suna yawo a YouTube da TikTok.

Asali

Kamfanin Square na Japan ya fitar da Final Fantasy VII a 1997. Wasan yana ƙirga amsoshin mai wasa a ɓoye, daga baya ya zaɓi wanda zai fita yawon shaƙatawa da jarumi Cloud: Aerith, Tifa, Yuffie ko Barret. A 2000 kamfanin BioWare na Kanada ya faɗaɗa abin a Baldur's Gate II, inda soyayya da Aerie, Jaheira, Viconia ko Anomen ke ginuwa ta dogayen hirarraki. Tun daga nan ta zama abin da masu saye ke tsammani a irin waɗannan wasanni.

Yadda ake lissafin ƙauna

Abokin tafiya ba ya tunani, ba ya kuma jin komai. Marubuta ne suka tsara duk abin da zai faɗa, kwamfuta kuma tana riƙe da maki. A Dragon Age: Origins na 2009 makin yarda yana tsakanin -100 da +100. Idan jarumi ya taimaki mabuƙaci, Alistair yakan ji daɗi, ita kuwa matsafiya Morrigan ta ga ɓata lokaci ne. Kyauta ma tana ɗaga maki: madubin zinariya ga Morrigan, takalma ga Leliana. Makin na kaiwa wani matsayi sai sabuwar hira ta buɗe.

A Skyrim na 2011 abin ya fi sauƙi. Mai wasa zai sayi layar Mara a garin Riften kan zinariya 200, ya rataya, sai wanda ya taɓa yi wa alheri ya nuna yana so. Bayan biki, mijin ko matar kan buɗe kanti mai kawo zinariya 100 kullum.

Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na Beljiyam ya fitar ranar 3 ga Agusta 2023 kuma ya ci kyautar gwarzon wasan shekara a The Game Awards, ya fi zurfin labari. Shadowheart, Astarion, Gale, Karlach da sauransu kowa na ɗauke da tabon da ya baro a baya, kuma suna iya juya wa jarumi baya. Duk da haka tushen ɗaya ne: amsa mai daɗi da aikin da ya burge su ne ke tara maki.

Misalin Kamaru

Kamfanin Kiro'o Games na Yawunde, wanda Olivier Madiba ya kafa, ya fitar da Aurion: L'Héritage des Kori-Odan a Afrilun 2016, da Faransanci da Ingilishi. Labarin na Enzo Kori-Odan ne, yariman birnin Zama, da amaryarsa Erine Evou. Ranar bikinsu da naɗin sarautarsa, ɗan'uwan amaryar, Ngarba Evou, ya yi juyin mulki, aka kore su daga gari. Daga nan suka shiga duniya neman magoya baya da ƙarfin da Enzo ya gada daga kakanninsa.

A nan babu zaɓen masoyiya, babu tara maki da kyauta. Erine tana tare da Enzo tun farko, tana warkar da shi a fagen fama, tana kawo masa ɗauki da nata ƙarfin. Abin da ke gwada su shi ne gudun hijira da rikicin dangi, domin maƙiyin mijin jininta ne. Wanda ya saba da littattafan soyayya na Kano ko fina-finan Hausa zai gane wannan tsari, inda aure ya haɗa dangi biyu kuma rigimar surukai ke shiga har ɗaki.

Abin da ya kamata iyaye su duba

Wasannin da ake sayarwa a Turai suna ɗauke da tambarin PEGI, tsarin da aka fara a 2003, mai nuna shekarun da suka dace: 3, 7, 12, 16 ko 18. Dragon Age: Origins, Skyrim da Baldur's Gate 3 duk 18 ne. Na ƙarshen yana nuna tsiraici da kwanciya, kodayake akwai maɓallin rufe tsiraicin, kuma abokan tafiyarsa suna karɓar soyayyar jarumi ko namiji ne ko mace. Wasan da aka kwafa a kebul ko aka sauke ta bayan fage ba ya zuwa da kwali, don haka sai an nemi sunansa a shafin PEGI.

Akwai kuma darasin da wasan ke koyarwa ba tare da ya faɗa ba. Wanda ya ɓata wa abokiyar tafiya rai zai iya komawa inda ya adana wasan ya sake amsa, har sai ta yarda. A zancen gaske budurwa na iya karɓar toshi ta ce a'a, kuma maganar da ta fita ba ta komawa. Yaron da ya san cewa lissafi ne ke bayan murmushin Shadowheart zai ji daɗin labarin a matsayin labari, kamar yadda ake jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi.