Asalin Kalma: Baiko

Tushen “baiko” ɗaya ne da na “baiwa” da “bayarwa”: aikatau “ba”. A gidan Bahaushe, baiko shi ne ranar da iyaye suka tabbatar wa saurayi sun ba shi ’yarsu, kafin ɗaurin aure.

Amma shiga majami’ar ECWA ko COCIN ran Lahadi, za ka ji an ce “lokacin baiko ya yi”. Nan ana nufin kuɗin da masu sujada ke sakawa, wanda dattawan ikilisiya ke ware wani kaso daga cikinsa don marayu da gwauraye. Ya bambanta da zakka, aron Larabci, wadda a wurin Kirista ke nufin ɗaya bisa 10 na samunsa. Baiko ba shi da ƙa’idar adadi.