Karatun zane a jami'a: daga Zariya zuwa Lamorde

A shekarar 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi ta Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973, aka kuma raɗa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Sa'ad da gine-ginenta suka tashi a ƙetaren kogin Isa, daf da Lamorde, bukatar ƙasa a fili take: malamai, likitoci, masana noma da ma'aikatan gwamnati. Ba a keɓe wa zane makaranta ba. Saurayin da Allah ya hore wa hannu, in ya ci bakaloriya, sai ya karanci wani fanni dabam, ko ya zauna wajen masu rubuta allunan shaguna, ko kuwa ya tafi Bamako ko Dakar.

A ƙasar Hausa, Zariya ce ta fara shigar da zane ajin manyan ɗalibai. A 1955 aka ɗauko sashen zane daga Ibadan aka kai shi kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya. Mafi yawan malaman Turawan Ingila ne, manhajar kuma irin ta makarantun Landan ce: zana surar mutum, auna nisa da kusa a kan takarda, da tarihin gwanayen Turai. Sassaƙa da zanen Afirka kuwa ba su da wani gurbi na kirki a cikinta.

A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da Simon Okeke. Daga baya aka yi musu laƙabi da ƴan tawayen Zariya, ko da yake ba su ƙaurace wa aji ba. Sukan yi aikin da malamai suka sa su, sa'an nan su taru su tattauna abin da manhaja ta bari. A 1960, shekarar mulkin kai, Uche Okeke ya fayyace manufarsu: a riƙe dabarun da aka koya daga Turai, a haɗa su da gadon gida, har a samu salon da ya dace da sabuwar ƙasa. Shi ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya ɗauko tatsuniyoyin Urhobo ya sa su cikin hotunan da yake bugawa da sassaƙaƙƙen faifai. Grillo ya zana rayuwar Yarbawan Ikko.

Ƙungiyar ta watse a 1961, kwalejin kuma ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, amma iri ya riga ya faɗa ƙasa. Grillo ya shugabanci sashen zane na kwalejin Yaba, Okeke ya riƙe na Nsukka bayan yaƙin basasa. Okeke da Onobrakpeya sun yi wa littattafan Chinua Achebe hotuna. A Zariya kuma, ban da sashen zane, an samu na tsara kayan masana'antu, inda ake koyar da fasalin littafi da talla, da adon tufafi, da ginin tukwane.

Abin lura shi ne, mafi yawan waɗannan samari daga kudu suka zo, gadon da suka farfaɗo da shi kuma na garuruwansu ne. Alhali kuwa suna zaune ne a birnin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a ƙarni na 19, inda magina ke yi wa soraye ado, maɗinka ke fitar da aska takwas a gaban riga, alarammomi ke zayyana allo. Wannan ilimi yana da malamansa da almajiransa, takardar shaida ce kawai ba shi da ita.

A Nijar, aikin hannu ya samu mafaka a gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a Yamai a 1959, inda maƙera da dukawa da masaƙa ke aiki a gaban baƙi. Sai dai wurin nuni dabam, ajin nazari dabam. Giɓin ya fito sarai da aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973: littafin yaro yana bukatar rumbu da rijiya kamar yadda ya san su, yana kuma bukatar wanda zai tsara ƙ da ɗ da ɓ da ƴ su zauna daidai a shafi. Sai a shekarun 2010 aka buɗe reshen fasaha da al'adu a tsangayar adabi ta jami'ar Yamai, bisa jagorancin Farfesa Antoinette Tidjani Alou.

Tambayar da ɗaliban Zariya suka yi a 1958 tana jiran ɗalibin Lamorde: da idon wa zai zana ƙasarsa? Kayan nazarinsa suna nan a bangayen unguwar Birni ta Damagaram, a hannun maƙeran Agadas, da haruffan tifinag. Amma gidan ƙasa damina ke cinye shi, tsofaffin magina kuma suna ta raguwa. Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu su ne suka fi kusa da waɗannan dattawa, su ne kuma za su iya ɗaukar hoton kowane ado, su rubuta sunansa da ma'anarsa daga bakin mai shi tun yana raye.