Korona da Darasin Kadawa

Jama'a, mu waiwayi 2020. Da korona ta ɓarke, kowace ƙasa ta kanta ta yi. A watan Maris Biyetnam ta dakatar da fitar da shinkafa. A Afrilu aka kulle Kano, kai tumatirin Kadawa Legas ya zama wahala. Ranar 2 ga Maris 2021 shirin COVAX ya kawo wa Najeriya alluran rigakafi kusan miliyan 4 daga Indiya, amma da cutar ta tsananta a can, sai Indiya ta tsayar da fitarwa. Ranar tsoro, alkawarin ƙasashe ba ya tsayawa. Ruwan Tiga da shinkafar Kura da Bunkure su ne namu. Mu yashe magudanan nan tun kafin wata annobar.