Gubar da ke ɓuya bayan dalma: yadda aka auna ƙasar Zamfara

Idan aka ce maka gubar Zamfara, dalma ce za ta faɗo maka a rai, kuma ba ka yi kuskure ba. Amma dutsen da ya jawo wannan bala'i ba dalma kaɗai ya ɗauko ba.

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa fiye da ƙima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Amai, jijjiga, sai rasuwa, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi komai ba. Da aka gwada jinin yaran sai ga dalma. A watan Mayu masana daga cibiyar CDC ta Amurka suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma, suka tarar yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan.

Sanadin kuwa yana tsakar gida. Zinare ya yi tsada, mutane suna kawo dutse daga rami, a daka a turmi ko a kai injin niƙa irin na hatsi, ƙurar ta sauka inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki.

To, ta yaya ake gane ƙasa mai guba, alhali ido ba ya bambanta ta da mai kyau? Masu binciken sun zo da na'urar XRF, wadda ake riƙewa a hannu kamar ƙaramar bindiga. Ana ɗora bakinta a ƙasa ta harba hasken hoton ƙashi, kowane sinadari ya amsa da irin nasa hasken, cikin minti ɗaya ko biyu a ga lamba. Ma'aunin Amurka na lokacin, a wurin wasan yara, kashi 400 ne cikin miliyan. A wasu wuraren a Zamfara an haura 100,000, wato fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙasar dalma ce.

Da wannan awo aka san inda za a kankare saman ƙasa, kimanin santimita 5, a binne a rami, a shimfiɗa mai tsabta. Dole sai an yi haka kafin a ba yaro magani, don in ya koma cikin ƙurar aikin banza ne. An share ƙauyuka 7 daga 2010 zuwa 2011. Bagega, wadda ta fi su girma kuma take da tsohon filin sarrafa dutse a gefenta, ta jira kuɗin gwamnatin tarayya har 2013. A ganinmu, wannan jira ya fi komai ciwo a labarin, domin an riga an san cutar, an san maganinta.

Yanzu ga abin da ba a cika faɗa ba. Masanan hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, sun gwada dutsen da ƙasar a ɗakin gwaje-gwaje, kuma a sakamakon da suka fitar a 2013 akwai arsenik da makuri da wasu sinadarai ban da dalma. Ba abin mamaki ba ne, arsenik ya saba zama a jijiyar dutse ɗaya da zinare. Shi ba ya gaggawa in kaɗan-kaɗan yake shiga jiki. Sai bayan shekaru a ga tabo a fata, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, daga baya sankarar fata ko ta huhu ko ta mafitsara. Ba ya kuma ruɓewa. Ko an rufe masana'anta, yana nan a ƙasa.

Nan ne na'urar XRF ke da rauni. Babban hasken da arsenik ke amsawa da shi kusan iri ɗaya ne da na dalma, kamar mutum biyu suna magana da murya guda. Idan dalma ta ninka arsenik sau 10 ko fiye, lambar arsenik ba abar dogaro ba ce, sai an kai samfur ɗakin gwaje-gwaje.

Ko a can ma, sai an ambaci sunansa. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse tun daga shekarun 1970 don kuɓuta daga gudawa, amma ba a neman arsenik a gwajin ruwan. Sai a 1993 aka tabbatar da shi, aka koma shafa wa famfo jan fenti ko kore.

Saboda haka idan kana Birnin Kudu ko Gwaram, ko a Kano kusa da Sharaɗa da Bompai, aka nuna maka fili daf da tsohon wurin fasa dutse ko narka batir, fara tambayar dattawan unguwa me aka taɓa yi a wurin. Sannan a ɗebi ƙasa daga sama-sama a wurare da yawa, har da kwarin da ruwan sama ke taruwa, a haɗa da ruwan rijiya. A takardar gwajin a rubuta arsenik daban, dalma daban. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na arsenik a ruwan sha shi ne maikirogiram 10 a kowace lita.