Kaki Da Tamaula: Tarihin Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa Ta 'Yan Sandan Nijeriya

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Masu iya magana na cewa waiwaye adon tafiya. A bana mun ga ya dace mu waiwayi wani tarihi da galibin matasanmu na Kurya Madaro da kewaye ba su taɓa jin sa ba, wato tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta 'yan sandan Nijeriya, wadda aka fi sani da laƙabin Police Machine. Yaranmu sun haddace sunayen 'yan wasan Ingila da na Sifen, amma idan aka ce musu akwai shekarar da 'yan sanda suka ɗauki kofi mafi daraja a ƙasar nan, sai su zaci ba'a ake yi. Dalilinmu na kawo wannan labari shi ne, a cikinsa akwai darasi game da dangantakar mai kaki da talaka, kuma babu yankin da ya fi namu buƙatar wannan darasi a yau.

Asalin Aikin Ɗan Sanda

Kafin a zo ga ƙwallo, ya kamata mu san inda rundunar ta samo asali, domin Hausawa na da hannu a ciki tun ranar farko. A shekarar 1863 wani hafsan Ingila mai suna John Glover ya tara wasu Hausawa a Legas ya ba su makamai, a 1879 kuma aka kafa runduna ta musamman wadda ke ɗauke da sunan Hausawa. Daga irin waɗannan rundunoni ne soja da ɗan sandan Nijeriya suka tsiro. A 1930 aka haɗe 'yan sandan Arewa da na Kudu suka zama runduna guda.

Sai dai a ƙasarmu, wanda kakanninmu suka sani shi ne dogarin sarki, sannan ɗan doka na En'e. Su ne ke raka masu karɓar haraji da jangali, su ne ke kamo mai laifi su kai shi gaban alƙali. Ba a shigar da 'yan doka cikin rundunar tarayya ba sai a ƙarshen shekarun 1960, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. Saboda haka tun fil azal tsoro ne ya fi yawa tsakanin talaka da mai kaki, kuma duk wanda ya tashi a karkara ya san yadda unguwa kan yi tsit idan aka hango su tafe.

Yadda Ƙwallo Ta Shiga Bariki

Ƙwallon ƙafa ta shigo Nijeriya ta hannun makarantun mishan da ma'aikatun gwamnatin mulkin mallaka. Shi ya sa ƙungiyoyin farko suka kasance na wuraren aiki: ma'aikatan jiragen ruwa, ma'aikatan reluwe, kamfanin lantarki, kamfanonin ciniki, soja da 'yan sanda. Shugabannin waɗannan wurare sun lura cewa wasan na ƙara wa ma'aikaci ƙarfin jiki, yana koya masa biyayya da aiki tare, yana kuma hana shi zaman banza bayan an tashi aiki. Mu mutanen ƙasar Kaura Namoda mun san tasirin reluwe, domin a 1929 layin dogo daga Zariya ta Gusau ya iso Kaura, inda ya tsaya. Jirgin da ke kwasar gyaɗa da auduga shi ne ke sauke ma'aikata daga sassan ƙasa daban-daban, kowa da al'adarsa da wasanninsa.

A 1945 aka fara gasar Kofin Gwamna a Legas, wadda daga baya ta koma Kofin Ƙalubale na ƙasa baki ɗaya. Ƙungiyar ma'aikatan jiragen ruwa ce ta fara ɗaukarsa, sannan 'yan reluwe na Legas suka mamaye gasar shekara da shekaru. Arewa ta fara ɗanɗana shi a 1953, lokacin da zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka zo da shi gida.

Zamanin Ɗaukaka

A shekarar 1962, shekara biyu bayan samun 'yancin kai, ƙungiyar 'yan sanda ta ci Kofin Ƙalubale. A wancan lokaci babu gasar lig ta ƙasa, don haka wanda ya ɗauki wannan kofi shi ne zakaran Nijeriya. 'Yan wasan ma'aikata ne masu lamba da albashi, ana iya ganin mutum da safe yana ba da hannu a mararraba, da yamma kuma a gan shi cikin gajeren wando yana fafutukar ƙwace ƙwallo.

A nan ne ma'anar abin take. A kan titi ɗan sanda ne ke busa usur kowa ya tsaya. A filin wasa kuwa alƙalin wasa ne ke busa masa, ya tsaya. Idan ya yi ƙeta a hukunta shi a gaban dubban jama'a, idan an ci shi ya miƙa hannu ya gaisa da wanda ya ci shi, ko da kuwa leburan tasha ne. Talakan da ya kalli wannan ya ga da idonsa cewa akwai dokar da ta hau kan mai kaki kamar yadda ta hau kansa.

Ƙungiyar ta kuma ba ƙasa gwarzaye. Fitacce a cikinsu shi ne Sunday Oyarekhua, ɗan sanda mai buga gaba, wanda daga ƙungiyar 'yan sanda ta Legas aka ɗauke shi zuwa ƙungiyar ƙasa. Yana cikin waɗanda suka fi zura ƙwallo a raga a Wasannin Afirka na 1973 da aka yi a Legas, inda Nijeriya ta doke Gini da ci 2 da nema a wasan ƙarshe ta karɓi lambar zinariya. Bayan ya rataye takalmi ya ci gaba da aikinsa har ya kai babban muƙami a rundunar.

Abin Da Ya Jawo Koma Baya

Komai ya yi farko zai yi ƙarshe. A 1972 aka kafa gasar lig ta ƙasa, Mighty Jets ta Jos ta fara cin ta. Daga nan ƙungiyoyin jihohi da na attajirai suka karɓe fage. Shooting Stars ta Ibadan ta ci kofin Afirka a 1976, Rangers ta Enugu ta bi sahu a 1977, Raccah Rovers ta Kano kuma ta ci lig a 1978. Waɗannan ƙungiyoyi suna da gari ko jiha a bayansu, jama'a na ganin su a matsayin nasu na kansu, suna kuma iya biyan ɗan wasa abin da albashin kurtu ba zai kama ƙafarsa ba. Da aka mayar da ƙwallo sana'a sosai a 1990, shekarar da aka kafa Kano Pillars, sai tazarar ta ƙara faɗi. Yaro mai baiwa ya daina ganin dalilin shiga kaki domin ya samu filin wasa, ƙungiyar 'yan sanda kuma ta ɓace daga sahun manya.

Duk da haka rundunar ba ta rabu da wasanni ba. A 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, 'yar sanda Chioma Ajunwa ta yi tsallen mita 7.12 a gasar Olamfik ta Atlanta a Amurka, ta zama mutum na farko da ya ciyo wa Nijeriya zinariya shi kaɗai a wannan gasa. Kafin nan ta buga wa ƙungiyar mata ta ƙasa ƙwallo a gasar cin kofin duniya ta 1991.

Darasi Daga Maƙwabta

Ba Nijeriya kaɗai ke da irin wannan tarihi ba. A Rasha an kafa Dynamo ta Mosko a 1923 ƙarƙashin hukumar tsaron cikin gida, kuma golanta Lev Yashin ya karɓi kyautar Ballon d'Or a 1963. A Iraƙi akwai Al-Shorta, wadda ma'anar sunanta ita ce 'yan sanda. A Yuganda 'yan sanda sun ci lig a 2005, na Kenya kuma sun ci nasu a 2025.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Jamhuriyar Nijar, wadda Ƙaramar Hukumar Zurmi ke iyaka da ita. A 2008, shekarar da Kano Pillars ta fara cin lig ɗin Nijeriya, ƙungiyar AS Police ta Yamai ta haɗa kofin lig da kofin ƙasa a kaka ɗaya. Ƙungiyar sojoji, AS FAN, ta kai zagayen rukuni a gasar Kofin Konfederashon na Afirka a 2010, ta jandarmomi kuma ta ci lig da kofi a 2021. Abin da ya raya su shi ne, a ƙasar da masu zuba kuɗi a ƙwallo ba su da yawa, ƙungiyar hukuma na ba ɗan wasa albashi tabbatacce da fatan aikin yi bayan ƙafa ta gaji.

Kammalawa

Jama'a, ba sai an tuna mana halin da yankinmu ya shiga ba tun daga wajen 2011, lokacin da satar shanu ta rikiɗe ta zama ta'addancin 'yan bindiga. Mun ga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da Kaura Namoda da aka tasa, mun ga gonakin da aka bari, mun kuma ga watannin ƙarshen 2021 da aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya. Jami'in tsaro ba ya iya aiki sai da bayanin mutanen gari, mutum kuwa ba ya kai bayani wurin wanda yake tsoro. Matashin da bai taɓa haɗuwa da ɗan sanda ba sai a shingen hanya, da wuya ya ɗauke shi abokin sirri.

Ba mu ce ƙwallo za ta kori ɗan bindiga daga daji ba. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, an taɓa yin zamanin da talaka ke biyan kuɗin ƙofa domin ya tafa wa ɗan sanda, kuma abin da ya haifar da haka bai fi fili da raga biyu da alƙali mai adalci ba. Wannan bai fi ƙarfinmu ba. Muna kira ga ƙungiyarmu da ta gyara filin makarantar da yaranmu ke wasa bayan la'asar, ta nemi izinin iyayen ƙasa, ta gayyaci 'yan sandan da ke aiki a yankinmu su fito da 'yan wasa goma sha ɗaya su kara da samarinmu, ko da sau ɗaya ne a shekara, a lokacin bukin Sallah. Muna kuma roƙon shugabannin rundunar da su dubi tarihin 1962 su farfaɗo da ƙungiyarsu, su buɗe ƙofarta ga yaran karkara irin namu. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma sun kuma ce zumunta a ƙafa take.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kare jami'an da ke kwana a waje domin mu kwana a ɗaki, Ya shirya mana zuriya, Ya dawo mana da zaman lafiya a Kurya Madaro da Jihar Zamfara da Nijeriya baki ɗaya, amin.